Katangar 1870

Duk baƙar fatar Amurka da ya ɗaura aniyar bin asalinsa ta hanyar takarda, akwai shekarar da ke jiransa a gaba: 1870. Daga yau a koma can, tafiya ce mai wahala amma ana yin ta. Daga can a ƙara yin baya kuwa, sai mai rabo. A shekarar ne ƙidayar jama'a ta ƙasa ta fara rubuta sunayen waɗanda suka fito daga bauta, su kusan miliyan huɗu. Kafin nan ƙirga su ake yi, ba a ambaton su. Masu wannan nema suna ce wa shekarar katanga, kuma ita muka tafi dubawa ni da 'yar yayana a ƙarshen hunturun bara.

Yayana ya auri Ba'amurkiya tun yana karatu, suka haifi wannan yarinya. Ta wajen uba ba ta da damuwa, in ta zaunar da ni zan yi ta lissafo mata kakanni har hannunta ya gaji. Ta wajen uwa ne zance ya tsaya a kan kakar mahaifiyarta, wata tsohuwa da ta rasu a Filadelfiya. Abin da dangi suka riƙe game da ita bai wuce biyu ba: daga Karolina ta Arewa ta zo, kuma ba ta son a tambaye ta. Da yarinyar ta yi haihuwar fari sai abin ya fara ci mata rai. Ta kira ni ta ce, "Gwaggo, ke ce mai haƙurin zama da tsofaffin takardu. Ki zo ki raka ni." Na ce mata haƙuri dai yana nan, ido ne ya fara rauni. Sunayen mutanen da muka samo nasu ne, ta roƙe ni in bar mata su, don haka ba za ku gan su a nan ba.

Mutum zai yi tsammanin Karolina za mu dosa kai tsaye. A'a, yamma muka fara yi, can jihar Yuta, birnin Salt Lake. Jirgi ya sauko da mu ta tsakanin duwatsu masu farin kai, ga tafkin gishiri shimfiɗe a gefe. Garin ya ɗara teku tudu da kusan mita 1,300, iskarsa busasshiya, kafin dare leɓena ya tsage. Titunansa faɗi ne da su na ban mamaki, kuma lambobinsu duk daga dandalin haikalin cocin Mormon ake fara ƙirga su, domin mabiya cocin ne suka kafa garin a 1847 ƙarƙashin Brigham Young. A yammacin dandalin nan ɗakin karatun cocin mai suna FamilySearch yake, hawa biyar, biyu daga ciki a ƙarƙashin ƙasa. Babu wani wuri a duniya da ya tara takardun nasaba kamarsa.

Dalilin tarin ba a ɓoye yake ba. A aƙidar cocin, mutuwa ba ta raba iyali, kuma mai rai yana iya karɓar baftisma a madadin mamaci, amma sai an san sunan mamacin. Wannan ya sa suka kafa ƙungiyar binciken nasaba tun 1894, daga 1938 kuma suka shiga aika masu kyamara ƙasa-ƙasa suna ɗaukar hoton rajistar haihuwa da aure da mutuwa da rabon gado a kan siririn fim. Naɗin fim kusan miliyan 2.4 suka tara, suka fafe cikin wani dutse a kudu maso gabashin birnin suka adana asalinsu a can, inda ba a barin baƙo ya shiga. A 2021 suka gama juye su duka zuwa kwamfuta. Abin bai rasa masu suka ba. Yahudawa sun yi ƙorafin an yi wa waɗanda 'yan Nazi suka kashe baftisma ba da yardar danginsu ba, har aka yi yarjejeniya a kai a 1995. Cocin kuma bai buɗe wa baƙar fata ƙofar limanci ba sai 1978. Ni dai aƙidar ba tawa ba ce, na shiga da sanin haka. Amma gaskiya ɗaya ce: ba su karɓi ko sisi ba, ba wanda ya yi mana wa'azi, kuma dattijuwar da ta zauna da mu, mai baƙar alamar suna a ƙirji, ta ba mu yininta kamar jikokinta take nema.

Tambayarta ta farko ita ce me muka tabbatar. Ta ce a wannan aiki daga ƙasa ake hawa: ka fara da wanda ka sani, ka kama iyayensa da takarda, sannan ka ƙara taki ɗaya. Wanda ya tsallake tsara guda don ya hango suna mai kama da nasa, kakannin wasu zai ɗauko ya kai gida.

Amurka tana ƙidaya duk shekara goma tun 1790, kuma doka ta ce sai bayan shekara 72 ake sakin takardun da sunaye. Ta 1950 ce ta baya-bayan nan, an sake ta a Afrilun 2022. A ciki muka ga tsohuwar a Filadelfiya, matashiya a lokacin, tana aikin wanki da guga. Amma ta 1940 ce ta buɗe mana hanya. A shekarar an tambayi kowa inda yake zaune a 1935, kuma malamin ƙidaya yana sa alamar X cikin da'ira kusa da sunan wanda ya ba shi amsa. Alamar tana kan sunanta. Ita da bakinta ta faɗi sunan gundumar da ta fito, abin da jikokinta suka yi shekaru suna tambaya ta ƙi faɗa musu. Karolina ta Arewa gunduma ɗari gare ta, ga shi an ware mana ɗaya. Ita kuwa tana cikin ayarin baƙar fata kusan miliyan shida da suka bar kudu zuwa biranen arewa da yamma tsakanin 1910 da 1970.

A ƙidayar 1920 ta gundumar sai ga ta 'yar shekara takwas a gidan manomin da ke hayar gona. A ƙasan jerin 'yan gidan akwai wata bazawara da aka rubuta uwar maigida. Tun daga nan muka riƙa ce mata Kaka, kuma ita muka bi.

Kaka ta ƙi tsufa a hannun malaman ƙidaya. A 1870 shekararta 17, a 1880 ta zama 25, a 1900 aka rubuta an haife ta 1855, a 1920 kuma aka ce 60 cif. 'Yar yayana ta fara zargin ko ba mace ɗaya ba ce. Dattijuwar ta yi dariya ta ce kafin 1940 ba a san wanda ya amsa tambayar ba: ko ɗan yaro ne a ƙofar gida, ko maƙwabci, ko shi malamin ne ya dubi fuska ya yi kintace don rana ta yi masa zafi. Ga kuma mutanen da ba a taɓa gaya musu ranar haihuwarsu ba.

Shafin 1900 ne ya fi daɗewa a gabanmu. A shekarar an yi wa kowace uwa tambaya biyu: 'ya'ya nawa kika haifa, nawa ke raye? A gaban sunan Kaka an rubuta 11, sannan 6. Mun sami sunayen shidan, da na biyu daga cikin waɗanda suka rasu, don sun kai an ƙirga su a 1880. Sauran ukun babu su ko'ina. Jihar ba ta fara rajistar haihuwa da mutuwa ta bai ɗaya ba sai 1913, ƙidayar 1890 kuma ta salwanta: gobara ta tashi a ginin Ma'aikatar Kasuwanci a Washintan a Janairun 1921, abin da wuta ta bari ruwa ya jiƙa, daga baya aka lalata ragowar. Yaron da aka haifa a 1881 ya rasu a 1895, in uwarsa ba ta faɗi wannan adadi ba, babu abin da zai nuna ya taɓa shan iskar duniya. Yarinyar ta kwafe lambobin biyu a littafinta, ta ja layi uku ba suna.

Ƙidayar 1870 ba ta zo da sauƙi ba. Binciken kwamfuta bai fito da gidan ba, saboda wanda ya kwafe sunayen daga rubutun hannu ya karanta harafin farko wani abu dabam. Sai muka koma bin shafi-shafi. Ita tana kan kwamfuta, ni kuma na nemi a ɗora mini fim ɗin a tsohuwar na'ura, irin wadda ake cusa kai cikin rumfarta ana juya mariƙi da hannu kamar keken ɗinki. Rubutun malamin siriri ne mai kwanciya, tawadarsa tana ƙarfi tana sanyi, kana iya gane inda ya sake tsoma alƙalami. Gida bayan gida yake bi a kan hanya, don haka shafin yana nuna maka wa ke maƙwabtaka da wa, abin da binciken suna ɗaya a kwamfuta ba zai taɓa nuna maka ba. Can sai ga su: namiji ɗan ƙwadagon gona, mace, budurwa 'yar 17, da ƙananan yara. Gurbin dukiya fayau. Gurbin karatu da rubutu, an yi musu alamar ba su iya ba. Ƙidayar shekarar ba ta faɗin dangantaka, sai 1880 aka fara, don haka ba takardar ce ta ce mana uba da uwa da 'ya ba ne, mu ne muka ɗauka haka.

Matsala ta biyu, 'yan mata biyu ne masu wannan suna a gundumar, tsakaninsu shekara ɗaya. A intanet mun ga bishiyoyin dangi da mutane suka ɗora sun haɗe su sun zama mace guda mai miji biyu da 'ya'ya ashirin, kowa ya kwafa daga wani, ba wanda ya nuna takarda. Kama da wane ba ta wane. Takardar aure ce ta raba gardama. Daga 1868 jihar ta fara ba da lasisin aure mai ɗauke da sunayen iyayen ango da amarya, kuma na Kaka ya ambaci uwar da muka gani a shafin. Sai dai sunan uban da ta bayar ba na mutumin gidan ba ne. Wani suna ne, na fari kawai, ba na dangi. Takardar mutuwarta kuwa, wadda ɗanta ya cika bayan shekaru masu yawa, mutumin gidan ta rubuta a matsayin uba. Takardu biyu na hukuma, kowacce da hatimi, suna ƙaryata juna. Na ce mata, "'Yata, wa ya fi sanin ubanta, ita ko ɗanta?" Ta ce, "Ita, Gwaggo. Amma ina ya shiga?"

Nan muka iso katangar. Dattijuwar ta buɗe mana jadawalin bayi na 1860 na gundumar, ta ja kujerarta baya ta bar mu da shi. Suna ɗaya ne a kowane rukuni, na mai bayin. A ƙarƙashinsa layi-layi: shekara 40, namiji, baƙi. Shekara 26, mace, baƙa. Shekara 7, mace. Akwai gurbin waɗanda suka gudu, da na waɗanda aka 'yanta, da na makafi da kurame, da na adadin ɗakunan bayi. Gurbin suna ne babu, sai ga wanda ya kai shekara ɗari. Ba don su aka yi ƙirgen ba: tsarin mulkin ƙasar ya ce kowane bayi biyar a lissafa su uku wajen rabon kujerun majalisa, don haka adadinsu ake buƙata. Na ƙirga yara mata masu shekara bakwai ko takwas a gundumar har na daina. Ɗaya daga cikinsu Kaka ce.

Akwai 'yan ƙofofi a jikin katangar, mun ƙwanƙwasa su. Hukumar da aka kafa don 'yantattu, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, ta bar kwangilolin ƙwadago da ƙararraki da jerin masu karɓar tallafi, kuma daga 2015 'yan sa-kai sun tsamo sunaye kusan miliyan 1.8 daga ciki. Bankin 'yantattu ma, wanda ya durƙushe a 1874 da kuɗin talakawa a ciki, Frederick Douglass, tsohon bawan da ya yi fice wajen yaƙi da bauta, yana shugabancinsa a watannin ƙarshe, ya kan tambayi mai buɗe asusu sunan uba da uwa da 'yan'uwa, wani lokaci har da tsohon ubangida. Fursunonin gidan yarin Yuta ne suka shafe shekaru suna kwafe waɗannan, aka fitar da su a 2001. Mutanenmu ba su ciki. Ba su da abin kai wa banki. Shawarar dattijuwar ta ƙarshe ita ce: kafin ka sami bawa, sai ka sami ubangijinsa. Watau yarinyar nan sai ta zauna ta yi binciken nasabar Turawan da suka mallaki kakanninta, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya gaji wa, da irin kulawar da ba ta taɓa tunanin za ta ba su ba. Ta yi shiru a jirgin da ya kai mu gabas, ban matsa mata ba.

Raleigh, babban birnin Karolina ta Arewa, gari ne mai itatuwa da laima. Ma'adanar takardun jihar tana kan titin Jones. Ana ajiye jaka a akwati, ba a shiga da biro sai fensir, ka cika 'yar takarda a kawo maka kwali ɗaya, ka gama ka mayar kafin a ba ka wani. A nan muka ga rajistar zaman aure ta 1866. Doka ba ta san auren bawa ba, don haka bayan 'yanci majalisar jihar ta umarci waɗanda ke zaune a matsayin miji da mata su je gaban akawun kotu ko alƙalin sulhu su faɗi tun yaushe suke tare. Shafin cike yake da mutanen da suka ce shekara 20, shekara 35, wasu fiye. Uwar Kaka da mutumin gidan sun ce takwas. Ashe a 1858 suka haɗu, Kaka tana da wayonta. Ita ce mai gaskiya a lasisin aurenta. Mijin uwa ne ya rene ta, ɗanta kuma shi ya tashi ya gani a matsayin kaka.

Saura sunan mai bayin. Mutane da yawa suna ɗauka kowane 'yantacce sunan ubangijinsa na ƙarshe ya ɗauka. Wasu sun yi haka, wasu sun ɗauki na wani tsohon ubangida da aka sayar da su daga hannunsa, wasu na uba, wasu kuma suka zaɓi sabo fil. A jadawalin 1860 babu mai bayi ko ɗaya mai sunan danginmu a gundumar.

Muka ɗauki hayar mota muka yi gabas. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya, gonakin auduga da taba, dazuzzukan dogayen itatuwa, ruwa baƙi kwance a fadamu. A ofishin rajistar filaye na gundumar, littattafan manya ne masu bangon fata, sai da hannu biyu ake saukowa da su. Mun yi sa'a kotun nan ba ta taɓa ƙonewa ba, domin gundumomi da dama a kudu wuta ta cinye musu komai. A ciki muka ga ɗan Kaka ya sayi 'yar gona, kuma iyakarta ta gabas wani cocin baƙar fata ne. Cocin yana nan har yau, farin katako a bakin hanya. A bayansa maƙabarta: na gaba-gaba masu duwatsu da rubutu, na can ciki kuwa ƙasa ce kawai ta lotsa jere-jere a ƙarƙashin itatuwa.

Wani dattijo da ke kula da wurin ya fito yana dogara sanda. Na bar yarinyar ta yi magana, ni na tsaya baya kamar yadda ya dace da baƙuwa. Da ta ambaci sunan dangin, bai yi wani dogon tunani ba. Ya nuna yamma da sandarsa ya ce duk mutanen da suka kafa cocin nan daga gandun da ke bakin kogi suka fito, ya faɗi sunan Baturen da ake kiran wurin da shi har yanzu, ko da yake gidan ya rushe tun yana yaro. Kakarsa ce ta gaya masa. Na tuna na ga sunan nan a shafin 1870, gida uku kafin na mutanenmu. A Salt Lake an ce mu zo da abin da muka tabbatar, ba abin da muka ji ba, kuma shawara ce mai kyau. Amma da ba mu zo mun ji daga bakin wannan dattijo ba, da har yau muna cikin jerin masu bayi muna canki-canki.

Muka koma Raleigh da sunan. Fayilolin gado da sunan mamaci ake jera su, ba da sunan waɗanda ke ciki ba, shi ya sa ba a iya neman bawa a cikinsu kai tsaye. Mutumin ya rasu a 1854 ba wasiyya, kotu ta naɗa masu ƙiyasta dukiya. Takardar shuɗiya ce, ta yi laushi a wuraren ninki, ma'aikaciyar ta nuna mana yadda ake buɗe ta a kwance kan tebur ba a ɗaga ta ba. An fara da gadaje da tukwane da agogon bango, aka zo kan garma da keken doki, dawaki, alfadarai, aladu. Ba a ko sauya shafi ba aka ci gaba da mutane, kowa da kuɗinsa a gefen dama. Ga sunan uwar Kaka, a gabansa an rubuta "da jaririyarta", an ambaci sunan jaririyar, 'yar wata goma sha. Layi biyu a sama, ga namiji ɗan shekara 28 mai sunan da Kaka ta bayar ranar aurenta. Kuɗin da aka yi masa ya fi na dawakan gidan duka a haɗe.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk takardun da muka bi, wannan ce ta fi daidai a kan shekarun Kaka. Malaman ƙidaya sun yi ta kintace don ba abin da za su rasa. Masu ƙiyasta gado kuwa ba sa wasa da shekaru, domin kowace shekara kuɗi ce kuma magada suna tsaye suna kallo. A 1853 aka haife ta.

Akwai wani juyi kuma da na lura da shi. A nasabar sauran mutane mata ne ke ɓata, don aure yana sauya musu suna kuma dukiya da sunan maza ake rubuta ta. A takardun bayi uba ne ke ɓata. Tun 1662 Birjiniya ta yi dokar cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, sauran yankunan suka bi. Bacucane na mai uwarsa ne, don haka mai bayi yana da dalilin rubuta wace ce ta haifi wa, har a wasiyya za ka ga an ba da mace "da abin da za ta haifa". Uba kuwa ba ya ƙara komai a lissafi. Babu inda takardar nan ta haɗa namijin da jaririyar.

Takarda ta gaba a fayil ɗin ita ce ta rabo. Magada huɗu ne, aka kasa mutanen kashi huɗu yadda kuɗin kowane kashi zai zo kusa da na ɗan'uwansa, wanda nasa ya ɗara ya cika wa na ƙasa da tsabar kuɗi, sannan aka ja ƙuri'a. Uwar da jaririyar suka faɗa kashi na biyu, na ɗan mamacin, wanda ya ci gaba da zama a gandun. Namijin ya faɗa na huɗu, na wata 'ya mace. Sa hannun mijinta yana ƙasa, da takardar wakilci da aka yi a wata gunduma ta jihar Alabama.

'Yar yayana ta karanta wurin ta sake karantawa, ta ce, "Gwaggo, ba guduwa ya yi ba." Ashe abin da take tsoro ke nan tun Salt Lake, ba ta faɗa ba. Tsakanin 1790 da 1860 an kwashe bayi kusan miliyan ɗaya daga tsofaffin jihohin gabas zuwa sababbin gonakin auduga na can kudu, wasu ta hannun fatake, wasu kuma ta irin wannan hanya, rabon gado a tsakanin 'yan'uwa da ba su ga sun yi wani laifi ba.

Na tuna mata da maganar dattijuwar, domin aikin gwaggo ke nan. Sunan fari ɗaya, a gandu ɗaya, a shekarar da ta dace: hujja ce mai ƙarfi, amma ba yankakkiya ba, sunan kuma ba baƙo ba ne a lokacin. Ta ce ta sani. Sai ta fito da wayarta ta nuna mini sakamakon gwajin ƙwayar halitta da ta yi tun kafin tafiyar. Kason ƙasashen Afirka da ake zana wa mutum ban ba shi wani nauyi ba, don nata ma ya sauya bayan kamfanin ya sabunta lissafinsa. Jerin dangi na nesa da gwajin ke haɗa ka da su ne abin dubawa, kuma a nata akwai wasu da asalinsu duk Alabama ne, waɗanda ta daɗe tana mamakin ta ina suka haɗa jini. A littafinta ta rubuta sunan mutumin a gurbin uban Kaka, ta sa "mai yiwuwa" a gefe.

Hutuna ya ƙare a nan, Alabama ita kaɗai za ta je da bazara. Ma'aikaciyar ma'adanar ta rubuta mata abin da za ta nema: takardun gadon surukin nan a kotun gundumarsa, jadawalin bayinsa na 1860 ko akwai namiji ɗan wajen 34, sannan rajistar masu zaɓe ta 1867 da ke ma'adanar jihar a Montgomery, wadda take cikin takardun farko da suka ɗauki sunayen maza baƙar fata na Alabama bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta. In mutumin ya kai lokacin da rai, kuma bai bar gundumar ba, a can ne za a iya ganin sunan dangin da ya zaɓa wa kansa.